ZAUREN MATA: Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

 Na so a wannan fitowar mu ci gaba da zancen lefe da muka faro, to amma wata wasiƙa da ta iso mini ta sa dole na ajiye shi gefe. Masu jiran lefe ku yi mini afuwa.

Baiwar Allahn nan ta ce mahaifiyarta ce santsi ya kwashe a banɗaki, ƙashin ƙugunta ya karye, aka yi mata aiki aka sa ƙarfe. A ɗakin da aka kwantar da su akwai wata dattijuwa sa'ar Hajiyar, karayarsu iri ɗaya, likitansu ɗaya. Waccan yanzu tana takawa da sanda har gidan suna take zuwa, amma tata uwar wata uku ke nan ɗinkin bai daina tsatsafo da ruwa ba, har an sake komawa da ita ɗakin tiyata an wanke wurin. Dangi sun rabu biyu, wasu na cewa likita ne ya yi ha'inci, wasu na cewa hannun kishiya ne. Sai can ƙarshen takardar, bayan gaishe-gaishe, ta ɗan ƙara da cewa wai Hajiyar tana da ciwon suga shekara 9, amma ta daɗe da barin ƙwayoyin asibiti ta koma kan jiƙe-jiƙe.

'Yar uwa, wannan da kika jefo a ƙarshe, ai shi ne maganar gaba ɗaya.

A littattafanmu na soyayya idan saurayi ya yi haɗarin mota, babi ɗaya ya ishe shi warkewa, budurwa ta yanka masa lemo da ayaba sau biyu shi ke nan sai ga shi ya miƙe. Wannan ikon alƙalami ne. A gadon asibiti kuwa likita ƙashin kawai yake jerawa ya ɗaure da ƙarfe, jikin mutum ne zai haɗe shi da iznin Allah, kuma kowane jiki da irin kayan da ya shigo da su.

Na kai wasiƙar wajen wata yayata da ta daɗe tana aikin nas a sashen ƙashi, muka raba dare tana warware mini. Idan suga ya yi yawa a jini, ƙwayoyin jinin da aikinsu shi ne yaƙar cuta sai su yi sanyi, ƙananan jijiyoyin da ke kai jini bakin ciwo su tsuke, naman da aka yanka ya ƙi haɗewa, ƙashin ma ya yi ta nawa. Ga shi ƙarfen da aka sa babu jini a cikinsa, da zarar ƙwayoyin cuta sun manne masa magani ba ya isa gare su sosai, wani lokacin sai an ciro ƙarfen ɗungurungum an sake sabon aiki da sabon kuɗi. Kuma mai tsohon suga sau da yawa ƙafarta ba ta jin zafi, filasta zai iya cin dunduniyarta har ya yi rami ba ta sani ba.

Wasu kuma wayo suke yi wa likita, su ƙaurace wa zaƙi kwana biyu kafin ranar gwaji. To akwai gwajin da ke nuna yadda sugan mutum ya kasance wata biyu zuwa uku da suka wuce, shi ba a yi masa wannan dabarar. Idan aikin ba na gaggawa ba ne, kamar canjin gwiwa ga mai ciwon sanyin ƙashi, likitoci da yawa ba sa son taɓa mutum sai wannan gwajin ya sauko wajen 8 ko ƙasa. Haka hawan jini, in ya kai 180 bisa 110 ɗage aikin ake yi. Ni dai in aka ɗage wa nawa aiki saboda haka ba zan ce an wulaƙanta mu ba.

Amma karayar ƙugu ga tsohuwa ba ta jira. A Ingila ƙa'idarsu ita ce a yi aikin ranar da aka kawo mutum ko washegari, domin bincike a Turai da Amurka ya nuna cikin tsofaffi huɗu ko biyar da suka karye a ƙugu, ɗaya ba ya cika shekara. Kwanciyar ce ke kawo ciwon huhu da gyambon baya da daskarewar jini, kuma waɗanda suka zo da ciwon zuciya ko ƙoda ko suga su suka fi shiga haɗari. Don haka mai irin wannan karayar daidaita sugan ake yi cikin sauri a shiga da ita, sauran aikin kuma ya koma hannun 'yan jinya. Mu kuwa me muke kaiwa dubiya? Katan ɗin lemon kwalba, madarar gwangwani, kunun gyaɗa da aka zamba wa suga. Haba jama'a!

Yanzu bari na juyo kanmu mu 'yan mata da amare, tunda mu ma babur da Keke Napep ba su bar mu ba. Akwai abubuwan da mace za ta gwammace a yanka ta da ta faɗe su a gaban miji ko uwar miji, alhali su likita ya fi buƙatar ji.

Na farko ƙwayar tsarin iyali. Irin wadda ake sha kullum, mai haɗin sinadari biyu, tana ƙara wa jini saurin daskarewa. Aikin ƙugu ko gwiwa shi ma haka, ga kwanciya wuri ɗaya. Jini ya dunƙule a sharaɓa, gudan ya ɓalle ya tafi huhu, mace tana hira da 'yan dubiya sai numfashi ya sarƙe. Shi ya sa in aikin na shiri ne ake cewa a dakatar da ita mako 4 kafin ranar, in na gaggawa ne a ba mace allurar tsinka jini. Duk wannan sai in likita ya sani.

Sai sha-ka-fashe, wanda ake saya a kyamis don a ciko kafin biki. Da yawa cikin haɗe-haɗen nan akwai deksametazon a ciki, shi kuwa in an daɗe ana sha yana tada suga, ya sa ƙashi ya yi fuka-fuka kamar ɓawon gyaɗa, yana ma iya kashe kan ƙashin cinya. Abin tsoron shi ne jikin da ya saba da shi yakan daina yin nasa sinadarin, in aka yanke shi kwatsam ranar aiki jinin mace zai iya faɗuwa tana kan tebur. Danginsa ne ake zubawa a wasu mayukan bilicin, fata ta yi fari tas amma ta yi siriri, zaren ɗinki ya riƙa yaga ta. Masu zuƙar shisha a bayan gida su ma kada su ce ai ba taba ba ce, hayaƙin na hana ƙashi kamawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 wanda ya bar taba mako 4 kafin aiki ya fi samun sauƙin warkewa.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce mai sikila. A Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, kuma ana ƙiyasta jarirai 150,000 ake haifa da cutar duk shekara. Jinin kan toshe hanyar da ke ciyar da kan ƙashin cinya, ƙashin ya mutu ya lotse, sai ki ga yarinya 'yar shekara 20 tana ɗingishi an ce sai an canja mata ƙugu. Ana yin wannan aikin a ƙasar nan, ga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da aka buɗe tun 1959, ga na Igbobi a Legas da na Inugu, kuma da yawa sun miƙe sun yi aure sun haihu. Sai dai shirinta daban ne. Akan ƙara mata jini kafin a shiga, a ba ta ruwa sosai, a hana sanyi kama ta, a sa mata iskar oksijin, don yunwa da sanyin ɗakin tiyata kaɗai sun isa su tada ciwon, ya kuma iya sauka a ƙirji. To yaya ke nan in iyaye sun ɓoye wa dangin miji, ita kuma ga su tsaye a kanta lokacin da ake tambaya?

Abin da yayata ta ce a gaya muku shi ne, mace tana da damar ta ce a ba ta wuri za ta yi magana da likita ita kaɗai, ko ta raɗa wa nas in an zo awon jini da asuba, sirrinta ba zai fita ba. A kuma tattara duk abin da ake sha a zuba a leda a tafi da shi, na asibiti da na kyamis da na gargajiya, har da man shafawa. Bayan an dawo gida kuwa, in aka ga ɗinki ya yi ja yana ruwa, ko zazzaɓi, ko sharaɓa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi na sama-sama, a koma asibiti a ranar, kada a jira ranar da aka rubuta a kati.

Zancen lefe sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Masu aiko da wasiƙa don Allah a riƙa rubutu a gefe ɗaya na takarda.