In Gemun Ɗan'uwanka Ya Kama Wuta

Jama'a, ga hunturu ya kawo jiki, ciyawa ta bushe, iska ta fara tashi. Wannan shi ne lokacin da mahukunta kan tuna da talaka, su aika a yi shela cewa duk wanda aka kama ya cinna wa daji wuta zai sha tara. Shelar ba ta da laifi. Amma muna so mu kai ku wata ƙasa mai nisa, Ostiraliya, ku ga abin da bincike ya tono da aka tambayi wane ne ya kashe mutum 173 a yini guda.

Ran Asabar 7 ga watan Fabrairu 2009, bayan fari na shekaru, zafi ya kai digiri 46.4 a birnin Melbon na jihar Biktoriya, iska kuma tana gudu fiye da kilomita 100 a awa. Kafin gari ya waye wuta ta cinye gidaje fiye da 2,000, garin Marysville ya zama toka, haka yawancin Kinglake. Wutar da ta fi ɓarna, wadda ta tashi daga Kilmore East, ita kaɗai ta kashe mutum 119. To, wa ya cinna ta? Ba maharbi ba ne, ba makiyayi ba ne, ba yaro mai neman gafiya ba ne. Wata tsohuwar wayar lantarki ce, wadda ta haura shekara 40 a kan turaku, ta tsinke ta faɗi cikin busasshiyar ciyawa. Kwamitin binciken da aka naɗa ƙarƙashin alƙali Bernard Teague ya gano cewa biyar daga cikin manyan wutar ran nan daga kayan lantarki suka tashi. Gaskiya ne akwai mai mugun hannu a ciki, domin kotu ta ɗaure mutumin da ya cinna ta Churchill. Amma shi ɗin an same shi a saukake. Kamfanin lantarkin kuwa sai da mutane suka haɗu suka kai ƙara, aka yi ta shari'a har 2014, sa'an nan shi da sauran waɗanda aka yi ƙara suka yarda su biya dalar Ostiraliya miliyan 494, kuma ba tare da sun amsa laifi ba.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne maganar gargaɗi. Kada wani ya ce ba a yi ba. An yi. Tun ran Jumma'a Firimiyan jihar, John Brumby, ya fito ya ce gobe za a ga rana mafi muni. Amma gaya wa mutum cewa gobe akwai haɗari daban, gaya masa cewa ga wuta nan bayan dutse, cikin rabin awa za ta iso ƙofarka, bi hanya kaza, shi ma daban. Na farkon kowa ya ji. Na biyun bai isa kunnen mutane da yawa ba sai bayan wuta ta riga ta iso. Da yamma iska ta juya, gefen wutar mai tsawon kilomitoci ya zama shi ne gabanta, ya nufi ƙauyukan da suke zaton ta wuce su. Ma'aikata sun san iska za ta juya. Labarin ne ya maƙale tsakanin ofis da ofis. Shugabar 'yan sandan jihar kuwa, Christine Nixon, ta amsa da bakinta gaban kwamiti cewa a maraicen nan ta bar ofishin tsare-tsare ta tafi cin abinci.

Sa'an nan akwai dokar da ake bi a lokacin: ko ka gudu da wuri, ko ka tsaya ka kare gidanka. A takarda magana ce mai daɗin ji, kamar an ba mutum 'yanci. A aikace kuwa Gwamnati ta sauke kayanta ta ɗora wa maigida, wanda ba shi da taswira, ba shi da labarin iska, sai bokiti da tiyo. Mutum 113 cikin waɗanda suka mutu a cikin gidaje aka same su. Waɗansu da suka tsira a Marysville filin wasa suka taru suka kwana, wuta tana ci kewaye da su.

Mu ba su abin da suka cancanta: sun gyara. Kwamitin ya ba da shawara 67 a 2010. Tun kafin ƙarshen 2009 an kafa hanyar aika gargaɗi kai tsaye ta tarhon gida da wayar hannu, aka kuma ƙara wani mataki na haɗari wanda in an kai shi sai a ce kowa ya fita, ba maganar tsayawa. Da babbar wutar 2019 zuwa 2020 ta zo, ta ci miliyoyin hekta da gidaje fiye da 3,000, mutum 33 ta kashe kai tsaye, ko da yake hayaƙinta ya kashe waɗansu ɗaruruwa. A Mallacoota mutum wajen 4,000 suka fake bakin teku, daga baya jiragen ruwan soja suka zo kwashe mutane. Firayim Minista Scott Morrison dai yana Hawayi yana hutu sa'ad da ƙasa ke ci. Halin manya ɗaya ne ko'ina.

Batun gyaran daji ya fi wuya. Kwamitin ya ce a riƙa ƙona kashi 5 cikin 100 na dajin Gwamnati kowace shekara don rage abincin wuta. Bayan 'yan shekaru jihar ta bar wannan lissafi, domin an ga cika adadi a takarda ba shi ne kare gari ba. A arewacin ƙasar kuwa, a Arnhem Land, tun 2006 aka koma ga dabarar mutanen ƙasar na asali, waɗanda Turawa suka kora daga filayensu: a sa ƙaramar wuta farkon rani, ciyawa da sauran danshi, a ƙona fage-fage, domin babbar wutar ƙarshen rani ta rasa hanya. Ashe abin da aka raina shekara da shekaru ana ce masa jahilci shi ne ilmin.

Tsofaffinmu ma sun san wannan. Suna share gewayen rumbu da na gari tun kaka, kamar yadda har yanzu ake yanka hanyoyin tare wuta a makiyayar Nijar. Ku 'yan kasuwa kuwa ba sai mun tuna muku da daren da kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a watan Maris 2016 ba, dubban rumfuna suka tafi. Saboda haka in mai shela ya zo bana da maganar tara, ku tambaye shi, mu ma muna tambaya: wa ke duba wayoyin da suka yi lilo bisa rumfunanku da gonakinku, kuma yaushe rabon da a duba su? In wuta ta tashi tsakar dare, wa aka ɗora wa alhakin sanar da ƙauye na gaba, kuma da wace lamba? Motar kwana-kwana nawa ce ke da ruwa da mai a ƙaramar hukumarku? Muna so kowane shugaban ƙaramar hukuma ya kira masu unguwanni da ardo-ardo da shugabannin kasuwa, ya amsa waɗannan a bainar jama'a kafin watan Disamba ya fita.