Tirela Tun A Wurin Lodi Take Faɗuwa

Duk wanda ya tashi a Potiskum ba sai an nuna masa tirela ba. Garinmu yana kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, ga hanyar Bauchi, ga ta Gombe, ga ta Gashuwa, sannan ga kasuwar shanu da ke ci ranar Laraba, wadda ake lissafa ta cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Da wuya ka sami gidan da ba shi da direba ko yaron mota ko makanike. Ni kaina da harshen Karai-Karai na buɗe baki, kuma rabin Hausata a gareji na tsince ta, wurin kawuna, tun kafin in san akwai abin da ake kira nahawu. Don haka idan mai karatu ya ji Hausar tana warin baƙin mai, sai ya yi mini uzuri.

Ra'ayina shi ne, yawancin tirelolin da muke gani kwance a gefen titi ba a wurin suka fara faɗuwa ba. Tun ranar lodi aka kayar da su, kwanar ƙarasawa kawai ta yi. Mun saba da zarar abu ya faru mu ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa. Ban musa ƙaddara ba. Amma nauyi yana da ƙa'idojinsa, kuma babu ruwansa da layar da aka rataya a madubi.

A ɗauki tsawon kaya tukuna. Kowane abu yana da wurin da nauyinsa ya tattaru, abin da za mu iya kira cibiyar nauyi. Matuƙar cibiyar nan tana tsakanin tayoyin hagu da na dama, mota tana tsaye. Idan aka shiga kwana, kayan yana son ya miƙe, kan mota kuwa yana jan sa gefe, sai nauyi ya koma kan tayoyin waje. In cibiyar tana ƙasa, mota ta jure. In an gina buhuna sun wuce bodi, an ɗaure da tamfol, an kuma ɗora wasu a kai, to cibiyar ta hau sama, ɗan karkata kaɗan ya isa ya ɗaga tayoyin ciki. Yarinyar da ke tallar ruwa ta san wannan: tulu a kan gammo ba ya son juyawar gaggawa. Abin tsoro a tirela shi ne bayanta ne ke fara tashi, direba yana can gaba, kafin ya ji a jikinsa aikin gama ya gama.

Lodin shanu ya fi wannan haɗari, domin buhu ba ya motsi, sa kuwa yana yi. Da an taka birki ko an karya sitiyari sai dabbobin su zube gefe guda, kamar yadda mai yake yi a cikin tankar da ba ta cika ba. Duk da haka sai ka ga an shimfiɗa katako a samansu, mutane sun jeru a kai da buhunansu da babura, za su Kudu don sauƙin kuɗin mota. Na san talauci ne ya hau da su, ba ganganci ba. Amma ranar da motar ta kife, su ne na farko da za ta watsar, sannan shanun su biyo su.

Kawuna ya yi shekaru yana jan tirela tsakanin Potiskum da Kudu. Wata rana ina tsaye aka gama yi masa lodin hatsi, buhu 300 mai cin kilo 100, wato tan 30 ke nan. Sai mai motar ya aiko a ƙara buhu 100, tan 10 cur a kan abin da ke ciki. Na ce, "Kawu, ba ka ce ta cika ba?" Ya ce, "Ɗana, in na ce ba zan ja ba, kafin la'asar makulli yana hannun wani." Ya ja. Bayan kwana biyu aka bugo waya cewa motar ta kwanta a wata kwana. Shi ya tsira da karaya a cinya, yaron motarsa kuwa har yau da sanda yake tafiya. Ko da mai motar ya zo asibiti, abin da ya fara tambaya shi ne buhu nawa aka kwashe.

Sai maganar gudu, wadda a nan direbobinmu ba su da wanda za su ɗora wa laifi. Ƙarfin da mota mai tafiya take ɗauke da shi ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba. In ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin ya ninka sau huɗu, haka ma tazarar da birki yake bukata kafin ya tsayar da ita. Mai tafiyar kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, tun kafin ƙafarsa ta kai ga birki. Shi ya sa dokar hanya ta ƙayyade wa tirela da tanka kilomita 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya. Wa ya taɓa ganin tirela tana 60 tsakanin Azare da Potiskum, in ba lalacewa ta yi ba? Shi kansa birki ba komai yake yi ba illa mayar da ƙarfin tafiya ya zama zafi. A gangara mai tsawo irin Hawan Kibo, kan hanyar Jos zuwa Akwanga, inda motocinmu da yawa ke bi, wanda ya dogara da birki maimakon babbar giya sai birkin ya yi zafi ya daina kamawa. Daga nan a ce birki ya tsinke, alhali dafa shi aka yi.

Yadda aka raba kayan ma abin dubawa ne. In nauyi ya taru a can baya, tayoyin kan mota ba sa danne ƙasa sosai, da an taka birki a kan jiƙaƙƙen titi sai bodi ya turo kan, motar ta naɗe kamar aska.

Wani abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake jan motar da ta mutu. Sau nawa muka ga gingimari tana jan 'yar'uwarta da sarƙa ko igiya, da daddare, babu fitila ko ɗaya a baya? Birkin manyan motoci da iska yake aiki, iskar kuma inji ne ke tara ta. Motar da injinta ya mutu, aka saki birkinta don ta gangara, ba ta da abin tsayawa sai bayan wadda ke jan ta. Aikin janwe ne wannan, ko aƙalla sandar ƙarfe mai ƙwari wadda ba ta lanƙwasa. Mai babur da ya ga rata tsakanin motocin biyu ya kutsa, sarƙar ce za ta tare shi a wuya.

Obalodi ba mota kaɗai yake kashewa ba, har da titi. Gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa in aka ninka nauyin da ke kan layin taya guda sau biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta tana ninkawa kusan sau 16. An ba da kwangilar tagwaita hanyar Kano zuwa Maiduguri tun 2006, an kashe maƙudan kuɗi, amma kowace kwalta aka zuba, buhu ɗarin nan na ƙari zai cinye ta, ramin da ya haƙa kuma shi zai kayar da ta bayansa.

Za a ce da ni, kai ɗalibi ne, ba ka san tsadar gas da taya da abin da ake miƙawa a shingaye ba, in ba a ƙara kaya ba motar ba za ta ci da kanta ba. Gaskiya ne, na kuma ji wannan daga bakin mutanen da nake girmamawa. Sai dai ribar ƙarin tana shiga aljihun mai mota da mai kaya, karayar kuwa cinyar direba take samu. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, tana tare direba a hanya bayan an riga an yi lodi, ta ci shi tara, shi da ba shi ya ce a ƙara ba. A ganina sikeli ya kamata a kafa a bakin kasuwar hatsi da ta shanu, motar da ta wuce kima a sauke ƙarin a nan take, tarar kuma a rubuta ta da sunan mai mota da mai kaya. Shugabannin ƙungiyar direbobi da 'yan kamasho su ne ke wurin a lokacin lodi, sun kuma fi kowa sanin motar da aka zalunta. Su hana mutum hawa saman shanu, ko da zai yi fushi.

Kawu yanzu faci yake yi a bakin hanyar Damaturu. In tirela ta wuce, daga kukan injinta da yadda sifirin ya kwanta yake gaya mini buhu nawa aka ƙara mata. Ranar Larabar da na je hutu mun ƙirga goma sha ɗaya kafin magariba, bakwai daga ciki da mutane a sama.