A Bar Yara Su Gina Bukkarsu

Da zarar an gama girbin dawa, za ka ga yaran ƙauye sun jawo kara bayan gida, sun kafa dirka, sun ɗaure da tsumma, sun tayar da 'yar bukkar da mutum uku ma da ƙyar za su shige ta. A birni kuwa kwali da tsohon buhu ne kayan aikin. Iyaye da yawa kallon tara shara suke yi wa abin, wasu ma su sa a rushe kafin magariba. Ina ganin kuskure ne, domin a wannan bukka yaro yake samun ilimin da allo da littafi ba sa bayarwa.

Ginin da kansa ne yake yi wa yaro gyara. In dirka ba ta nutse a ƙasa ba, iskar hunturu za ta kwantar da bukkar. In laka ta sha ruwa da yawa, katanga ta zube. Ba malami, ba bulala, dole ya tsuguna ya gano inda aka kuskure, ya sake. Kuma ba shi kaɗai yake aikin ba. Wa zai ɗebo kara, wa zai riƙe a ɗaure, ta ina ƙofa za ta kalla, za a bar ƙanen wane ya shiga ko ya yi ƙanƙanta? Sai an yi gardama, wani ya yi fushi ya tafi, a bi shi a lallaso, saboda hannu biyu ba za su ɗaga rufin ba. A gida da makaranta doka daga sama take zuwa wa yaro. A nan ne karo na farko da shi da tsaransa suke kafa tasu, su kuma ga abin da ke biyo baya idan an karya ta.

Masana sun daɗe da lura da haka. A ƙasar Denmark, mai tsara filaye Carl Theodor Sørensen ya ga yara sun fi son wasa a wuraren da ake gini fiye da filayen wasan da aka ƙawata musu, sai ya ba da shawara a 1931 cewa a ware musu fili a zuba katako da tarkace. An buɗe irinsa na farko a unguwar Emdrup ta birnin Copenhagen a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, kuma daga 1946 wata Baturiya mai suna Lady Allen ta yayata tunanin a Ingila. Wani masani kuma, David Sobel, a littafinsa na 1993, ya tarar da ɗabi'ar gina maɓoya ga yaran Devon ta Ingila da na tsibirin Carriacou, duk da nisan da ke tsakaninsu. Abin da wasu suka ware wa fili da ma'aikata, mu kaka take kawo mana shi kyauta.

Masu cewa akwai haɗari ba ƙarya suka yi ba. Kunama na ɓuya a kara, busasshen kara kuma ba ya shiri da ashana, ga halin tsaro da ya sa uwa ba ta son ɗanta ya ɓace wa ganinta. Maganin wannan shi ne a kakkaɓe karan, a hana wuta, a ba su lungu a tsakar gida inda ido zai kai gare su. Hana ginin gaba ɗaya kangon unguwa yake tura su, inda babu mai ganinsu. Masu cewa yana cinye lokacin karatu kuwa su dubi ranar yaron birni: boko da safe, Islamiyya da yamma, aikin gida da dare, abin da ya rage kuma waya ta cinye. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Najeriya da Nijar suka amince da ita, ta ambaci wasa a sashe na 31 a matsayin haƙƙi.

Iyaye, in kun ga bukkar a bana, ku bar ta ta kwana, kada kuma ku karɓe aikin ku gyara musu. Masu unguwanni da masu yanka filaye su ma su riƙa barin sarari ko da kaɗan ne, wanda ba za a sayar ba.