ZANCEN GIDA: Kada Ka Dubi Ƙafafunka

 A wannan wata ina so in ba ku labarin yadda jikata 'yar shekara 11 ta zama malamata, ni da furfurata.

A watan Yuli ni da uwargida muka kai wa ɗanmu ziyara a Ingila. Wata Asabar ya kwashe mu zuwa tafkin Windamiya, wanda ya fi kowane tafki na ƙasar girma, tsawonsa ya haura mil 10. Muna isa sai na hangi mutane tsaye a kan ruwa, kowa da filafili a hannu, suna tafiya a hankali, babu kwalekwale. Da muka matsa kusa na ga ashe a kan wani dogon allo suke tsaye.

Wannan wasa daga tsibiran Hawayi ya fito. Tun wajen shekarun 1940 zuwa 1960, samarin da ke koya wa baƙi hawan igiyar teku a gaɓar Waikiki sukan tsaya a kan allunansu da filafili, domin su hango ɗalibansu, su kuma ɗauke su hoto. A farkon shekarun 2000 wasu gwanaye biyu, Laird Hamilton da Dave Kalama, suka farfaɗo da shi, daga nan ya bazu a duniya.

Jikata ta ja hannun rigata ta ce, "Kaka, kai fa ka ce ka girma a bakin kogi. Zo ka gwada." Na ce, "Amarya, ina tsayuwa a kwalekwale tun ba a haifi babanki ba." Uwargida ta kalle ni, ba ta ce kome ba. Shirunta ya fi wa'azi.

Allon da aka ba ni na masu koyo ne. Tsawonsa ƙafa 10 da rabi, faɗinsa inci 32, kaurinsa inci 6. Ba katako ba ne, roba ce mai ƙarfi, ana hura mata iska da famfo har ta yi tauri a taka ta ba ta lotsa ba. Faɗin nan shi ne asirinsa, gama siririn allo ya fi gudu amma ba ya haƙuri da baƙo. A ƙarƙashinsa ta baya akwai ɗan fiffike mai hana shi kaucewa. Aka daidaita mini filafili ya ɗara kaina da misalin inci 8, aka sa mini rigar ceto, aka ɗaura igiyar allon a idon sawuna.

Saurayin da ke koyarwa ya ce kowa ya fara a durƙushe, a tsakiyar allon, daidai wurin mariƙi. Na ce a raina, durƙuso na yara ne. Na miƙe tsaye nan take. Allon ya yi rawa, na sunkuyar da kai ina duban ƙafafuna, kafin in ce wani abu sai ga ni cikin ruwa. Ruwan Ingila ko a lokacin zafinsu kamar na randa ne da asubar hunturu. Na hau, na sāke miƙewa, na sāke faɗuwa. Sau uku ke nan.

Sai jikata ta tuƙo allonta kusa da ni ta ce, "Kaka, ka durƙusa tukuna. In ka miƙe kuma, kada ka dubi ƙafafunka. Ka dubi wancan itacen da ke ƙetare, ka yi ta tuƙi." Kunya ta kama ni, amma sanyi ya riga ya kashe mini gardama. Na yi tuƙi a durƙushe kamar minti 10 har jikina ya saba da motsin ruwan. Sa'an nan na dafa allon, na ɗora ƙafa ɗaya, na ɗora ɗayar, na buɗe su daidai faɗin kafaɗuna, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe. Na kafa ido a kan itacen, na tsoma filafili. Abin mamaki, allon ya natsu. Dalilin a fili yake. Kai yana da nauyi, in ka sunkuya jiki yakan bi shi. Allo mai tafiya kuma ya fi na tsaye natsuwa, kamar keke, filafilin da ke cikin ruwa kuwa ƙafa ce ta uku.

Ga iyaye, kalma ɗaya ta gargaɗi. Ruwa ba ya wasa. A watan Oktoba na 2021, mutum 4 suka rasa rayukansu a garin Haverfordwest na yankin Wales, sa'ad da suka bi kogi a kan irin wannan allo bayan ruwan sama mai yawa, suka faɗa wata ƙaramar madatsa. Mai koyo ya tsaya a kwantaccen ruwa, ya sa rigar ceto, kada ya fita shi kaɗai, kada kuma ya fita in iska tana hurawa daga gaɓa zuwa tsakiya. Igiyar idon sawu ta tafki ce. A kogi mai gudu tana iya maƙalewa ta riƙe mutum a ƙarƙashin ruwa, saboda haka a can ɗamarar ƙugu mai saurin kwancewa ake sawa.

Da dare na kasa barci, ina tunanin Bitrus a Tekun Galili, kamar yadda muke karantawa a Matiyu sura 14. Masunci ne, ya san ruwa fiye da ni. Muddin hankalinsa yana kan Yesu, ya taka ruwa. Da ya mai da hankali ga iska, ya fara nutsewa. Amma bai ɓoye halin da yake ciki ba, ya yi kuka ga Ubangiji, nan da nan aka kama shi.

Da yawa cikinmu haka muke riƙon gida. Mukan miƙe tsaye da ƙarfin kanmu ba mu fara da durƙuso ba. Kuɗin makaranta ya taso, ciwo ya shigo, ɗa ya kangare, sai mu sunkuya muna duban abin da ke girgiza mu, mu daina tuƙi, mu daina addu'ar iyali, mu daina zuwa sujada. Sa'an nan mu yi mamakin faɗuwa. Mu dattawa kuma girman kai yakan hana mu karɓar gyara daga na ƙasa da mu, alhali Allah yakan aiko da gyara ta bakin wanda ya ga dama.

Ɗan'uwa, yaushe rabonka da ka tara iyalinka ku durƙusa tare? Ku fara yau da dare. Ku karanta Matiyu 14:22-33, kowa ya faɗi abin da ke ba shi tsoro, ku miƙa wa Ubangiji.

Har yanzu jikata in ta bugo waya takan tambaya ko mijinta ya bushe. Nakan ce mata riga ta bushe, darasin dai yana nan.

Ubangiji ya kiyaye gidajenku. Sai wata mai zuwa, in ya yarda.