Tsiro a Al'aura: Kada Kunya Ta Hana Magani, Kada Zato Ya Raba Aure

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Mai saukar da cuta da magani. Tsira da amincinsa su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, na daɗe ina ɗari-ɗari da wannan maudu'i saboda nauyinsa a baki. Abin da ya sa na ajiye wannan nauyi shi ne wani dare da muka tashi daga karatun fiƙihu a makarantarmu ta Islamiyya a nan Turba. Wani saurayi daga cikin ɗalibai ya tsaya har kowa ya watse, sannan ya durƙusa ya ce, "Malam, ina da magana, amma bakina ya kasa faɗa." Da ƙyar na gane damuwarsa. Ya ga wasu ƙananan ƙuraje a jere a gabansa, ya bincika a intanet ta wayarsa, hotunan da ya gani suka tayar masa da hankali. Wata huɗu ke nan ba ya barcin kirki. Ya shanye kwalabe na maganin sanyi daga masu talla da lasifika ranar kasuwa, kuma ya fara tunanin fasa aurensa da aka riga aka sa wa rana. Na ce masa, "Ɗan'uwa, ni ba likita ba ne, amma ka shirya, zan raka ka asibiti." Da aka duba shi, sai aka ce halitta ce kawai da ake samu a jikin maza da yawa, ba cuta ba ce, ba ta kuma buƙatar magani.

Tun daga ranar na ƙudurta cewa dole mu yi wannan magana a fili. Ra'ayina a taƙaice shi ne: tsiro ko ƙurji a al'aura tambaya ce da ake kai wa likita. Ba abin ɓoyewa ba ne har ya ci jiki, ba kuma hujja ba ce da za a yanke wa wani hukunci da ita.

Da farko, ba kowane ƙurji ne cuta ba. Akwai ƙananan ƙuraje da ke jeruwa a gefen kan mazakuta, akwai kuma ɗige-ɗige farare ko rawaya na maiƙon fata da ake gani ga maza da mata, duka halitta ce. Akwai ƙurjin da ke biyo bayan aske gashin mara, idan gashi ya juya ya shige cikin fata. Akwai na ƙazwa da na zafi. A ɗaya ɓangaren kuma akwai waɗanda ba a wasa da su. Tunjere, alal misali, yakan fara da gyambo guda wanda ba ya zafi, ya warke da kansa, mutum ya ɗauka ya rabu da shi alhali cutar ta shige jiki. Tun da alamomin sun yi kama da juna haka, hoton waya ba zai bambance maka su ba.

Shi kuwa tsiron da ake magana a kansa, wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV take haifar da shi. Tana da nau'o'i sama da 100. Biyu daga ciki, nau'i na 6 da na 11, su ne sanadin kusan kashi 90 cikin 100 na tsiron al'aura. Yakan fito da laushi, launinsa kusa da na fata, wani lokaci guda ɗaya, wani lokaci a cunkushe mai kurzunu-kurzunu, a gaba ko kewayen dubura, inda wasu ke ɗaukar sa basur ne. Galibi ba ya zafi, sai dai ƙaiƙayi. Gaskiyar da ba za mu ɓoye ba ita ce, babbar hanyar ɗaukar wannan ƙwaya ita ce haɗuwar fata da fata wajen saduwa. Amma akwai wata gaskiyar da ta kamata a riƙe tare da ita: yawancin masu ɗauke da ƙwayar ba su san suna da ita ba, kuma a mafi yawansu garkuwar jiki tana kawar da ita cikin shekara biyu ba tare da wata alama ba. Ga wanda tsiron zai fito masa, yana iya ɗaukar makonni ko watanni, wani lokaci har shekaru. Gwajin da aka saba yi kafin aure, na ƙanjamau da na sikila, ba ya nuna ta.

A nan ne nake son ma'aurata su tsaya su yi tunani. Na taɓa zama sulhu tsakanin wani magidanci da matarsa, yana rantsuwa cewa tun da abin ya fito mata, to ta ci amanarsa. Shi da kansa ya yi aure biyu kafin ita, ita ma bazawara ya auro. A al'ummar da ake saki a sake aure, ake kuma zama da mata fiye da ɗaya, ƙwayar tana iya ratsa gidaje da dama ta hanyar halal tsantsa, ba tare da kowa ya saɓa wa Allah ba. Babu likitan da zai iya gaya maka ranar da ta shiga, ko wanda ya fara kawo ta. Mai yiwuwa ma shi mai zargin ne ya kawo, jikinsa bai nuna ba.

Shari'a ba ta bar mu cikin duhu a kan wannan ba. Suratun Nur ta gindaya shaidu huɗu ga mai jifan kamammiyar mace da alfasha, ta kuma yanka bulala 80 ga wanda ya kasa kawo su. Suratul Hujurat ta gargaɗe mu game da yawan zato. Ya kuma inganta cewa wani mutum ya zo wa Manzon Allah (SAW) yana shakkar ɗansa saboda launin fatarsa ya saɓa da nasa. Sai Annabi ya tambaye shi game da raƙumansa, ko ba a samun mai wani launi dabam a cikinsu, ya nuna masa cewa abu yana iya samo asali daga nesa. Darasin a fili yake: alamar jiki ba ta zama shaidar zina. In launin ɗa bai zama hujja ba, ina ga tsiron da ba a san shekarar da ƙwayarsa ta shiga ba?

Wani zai ce, to ai kunya tana cikin imani, yaya mutum zai buɗe tsiraicinsa? Haƙiƙa kunya alheri ce, amma sahabbai sun fi mu kunya, ba ta kuma hana su tambaya ba. Ummu Sulaim ta tambayi Annabi (SAW) hukuncin mace idan ta yi mafarki. Nana A'isha ta yaba wa matan Ansar saboda kunya ba ta hana su fahimtar addini ba. Sayyidina Aliyu, da ya ji nauyin tambaya game da maziyyi saboda surukuta, bai yi shiru ba, sai ya aiki Miƙdad ya tambayar masa. Malamai kuma sun halatta buɗe al'aura ga mai magani gwargwadon larura, mace ta nemi mace idan da hali, namiji ya nemi namiji.

Na san halin da muke ciki a ƙasar Gobir. Rashin tsaro ya sa tafiya ko zuwa Isa ko Sabon Birni sai an yi shawara, balle Sakkwato. Wannan ne ke tura mutane ga reza, da ɗaure tsiro da zare, da shafa jar kanwa ko ruwan batir. Ina roƙon ku da Allah ku bari. Wurin yana da laushi, abin da ke biyo baya shi ne ƙuna da zubar jini da gyambo, tsiron kuma ya ƙara yaɗuwa. Ƙwayoyin kemis na maganin sanyi ma ba sa kashe HPV. A asibiti akwai maganin shafawa na musamman, akwai daskarar da tsiron, ko ƙona shi, ko cire shi. Yakan dawo, musamman a watannin farko, wannan ba alamar sabon laifi ba ce, sai a koma. Mai juna biyu kada ta shafa komai sai da izinin ma'aikatan lafiya, domin tsiron yakan ƙaru lokacin ciki, kuma wasu magungunan ba su dace da ita ba. A fara da asibitin da ke kusa. Idan abin ya fi ƙarfinsu, za su tura mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Ma'aurata kuma su je tare, su jinkirta kusantar juna har a gama magani.

Akwai kuma batun 'ya'yanmu da ƙannenmu mata. Nau'o'in da ke kawo tsiro ba su ne ke kawo sankara ba, amma 'yan'uwansu, na 16 da na 18, su ne sanadin kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Wani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya gano wannan alaƙa, aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 12,000 suka kamu da wannan sankara a Nijeriya, kusan 8,000 suka rasu. A watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta, aka faɗaɗa zuwa sauran jihohi a watan Mayu na 2024. Allurar Gardasil da aka kawo tana kariya daga nau'o'in nan huɗu, wato har da masu kawo tsiro. Masu cewa yi wa yarinya wannan allura zargin ta ne da lalata, su tuna cewa yarinyar da ta tsare kanta ma gidan miji za ta je, kuma ba ta san abin da ya gabata a jikinsa ba. Matan aure kuma su riƙa neman gwajin bakin mahaifa.

A ƙarshe, ga wanda ya san ya taɓa zamewa, ƙofar tuba a buɗe take. Ka tuba tsakaninka da Ubangijinka, ka rufa wa kanka asiri, amma kada ka rufe cutar har ka kai ta ga baiwar Allah da ba ta ji ba ba ta gani ba. Likita ba alƙali ba ne, kuma tsare sirrin majiyyaci yana cikin aikinsa. Mu ma malamai da iyaye, mu zama waɗanda yaro zai iya tunkara da irin wannan magana ba tare da tsoron tonon asiri ba. Da ɗalibina ya samu wanda zai gaya wa tun farko, da bai yi wata huɗu cikin ƙunci a kan abin da ba cuta ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wallahu a'alam.