Ku ƙyale tsofaffi su buga dararsu

Akwai wata magana da ke yawo a bakin mutane, har ana kiran waya cikin shiri ana maimaita ta: wai abin kunya ne a ga dattijo da furfurarsa zaune ƙasa yana buga dara, ko yana jifa da ƙwallon ƙarfe na petanki, ko yana tsakar gida yana hidimar tattabaru. Wai ya wuce nan, ya je ya riƙe tasbaha ya jira lokacinsa. To yau da masu wannan magana nike, kuma ba zan sassauta ba.

Su wa ke faɗin haka? Galibi mu ne, ƴan shekara ashirin da talatin. Mu da muke zama fada tun bayan isha'i har ƙarfe biyun dare, a sha shayi na ɗaya, na biyu, na uku, a raba karta, kowa kansa duƙe bisa salula yana kallon rawar TikTok. Namu sunansa hutawa, na Baba sunansa zubar da girma. Haba jama'a!

Wanda ke ce wa dara wasan banza, rantsuwa zan iya yi bai taɓa zama ya buga ta da gwani ba. Gurbi 30 ne ake haƙawa cikin rairayi, layi biyar masu gurbi shida-shida. Kowa na da ƴaƴa 12, wannan da tsinkaye, wancan da tsakuwa. Lokacin zubi ba a yarda ka jera uku ba. Sai an gama zubawa ake fara turi, gida ɗaya-ɗaya, kuma duk sanda ka jera uku ka ɗauke ɗan abokin wasanka. Gwanaye tun wurin zubi suke gama da kai. Za ka ga tsoho ya aje tsinke can gefe kamar ya yi kuskure, sai bayan turi goma ka gane tarko ne, yana matsa ɗa guda gaba da baya, kowane motsi ci ne, kai kuma kana kallo ana kwashe ka. Mutumin da bai taka lakwal ba yana riƙe da wannan lissafi duka cikin kansa. Da Bature ne ya kawo mana ita cikin kwali da takardar bayani, da yanzu muna biyan kuɗi a koya wa ƴaƴanmu. Har cikin maganarmu ta shiga, tunda kowa ya san abin da ake nufi in an ce dara ta ci gida.

Petanki kuwa daga kudancin Faransa ta zo, ba wanda ya musa, kuma tsofaffin ma'aikata ne suka fi riƙe ta. Ƙwallo ɗaya nauyinsa tsakanin giram 650 ne da 800, ana wasa har maki 13, mutum ya duƙa, ya miƙe, ya taka, ya auna, awa biyu bai zauna ba. Maƙwabtanmu na Benin sun karɓi gasar duniya ta wannan wasa a Kwatano cikin 2023. Mu nan dariya muke wa malamin da ya koyar da mu karatu don mun gan shi da ƙwallo a hannu.

To a ce ya bari. Sai ya yi me? Mun san amsar, don muna ganinta a gidajenmu. Mutum ya yi shekara talatin yana fita da safe, ko ofis, ko kasuwa, ko gona, rana ɗaya ƙarfi ya ƙare ko aiki ya sallame shi. Abokansa suna raguwa ɗaya bayan ɗaya. Ƴaƴa suna Yamai, suna Agadas, suna Libiya. Sai ɗaki, sai rediyo, sai shiru. Kowane likita ka tambaya kan hawan jini da ciwon sukari, tafiya da motsa jiki zai fara ce maka. Zama wuri ɗaya kuwa ba ya barin jiki, ba ya barin hankali. A ƙasarmu kusan rabin mutane ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka haura 65 ko kashi 3 cikin 100 ba su cika ba. Ƴan kaɗan ne. Shi ya sa ba wanda ke tuna su in ana tsara gari, kuma wurin dara shi ne inda ake lura in wani bai fito ba kwana biyu, a aika yaro ya dubo lahiyarsa.

Na san za a ce mini addini. Mu tsaya nan. In kuɗi ya shiga wasa, caca ce, haramun ce, tsoho ya yi ta ko yaro. In an kira salla mutum ya ce sai ya ƙare turi, ya yi laifi, a faɗa mishi. Amma ku je gindin bedi da la'asar ku gani da idonku: ladan na ɗaga murya ake barin tsinkaye inda suke, kuma waɗannan tsofaffi su ne sahun gaba. Mu masu hukuncin, sau nawa asuba ke samunmu a masallaci bayan shayin dare? Tasbaha ba ta hana hira, mutum na iya riƙe ta da safe ya yi dariya da marece.

Na iyayenmu mata ya fi ciwo. Tsohuwa ba a ma yarda tana da abin da take so don kanta ba. Aikinta goyon jikoki da tsaron gida in matasa sun tahi biki. Ta sa takalmin roba ta fita taka ƙafa da sassafe ita da ƙawarta, sai a ce Hajiya ta fara ruɗewa. Ta zauna kallon fim ɗin Hausa, ko ta kira rediyo ta gaida ƙawayenta na Tasawa da Madawa, sai ɗanta ya ce tana ba shi kunya. Kunyar me? Ita da ta yi shekara arba'in tana daka, tana surfe, tana ɗebo ruwa don ka zama mutum?

Sai magadan gari. Kokowa an gina mata filaye, tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa ake kashe mata kuɗi, kuma ba mu ƙi ba. Dara ba ta roƙi fili ba, ba ta roƙi siminti ba. Inuwa kawai take so da rairayi. Amma duk sanda aka sare bedi don a kafa shago ko a faɗaɗa hanya, majalisar tsofaffi guda ce ta watse, kuma mai shekara 75 ba ya iya tafiya wata unguwa neman sabuwar inuwa. Kafin a sa gatari, a tambayi su wa ke zama ƙarƙashin itacen. In dole ne a sare, a nuna musu wani wuri kusa, a kafa rumfa, a zuba yashi amalanke biyu. Kuɗin bai kai na lemun taro guda ba.