Baran da Ba Ya Barci: Tsokaci a kan Na'urorin Gida Masu Jin Magana

Kafin in shiga cikin bayani sosai, ya kamata in faɗi irin gidan da nake nufi, domin kada mai karatu ya ɗauka tatsuniya zan yi. Gida ne wanda fitilunsa da makullin ƙofarsa da na'urar sanyaya ɗaki da kyamarar bakin ƙofa duk an haɗa su da intanet, har maigida kan iya ba su umarni da baki ko ta wayarsa, ko da yana wani gari. Abin ya bunƙasa ne a Amurka tun daga shekarar 2014, lokacin da kamfanin Amazon ya fito da wata 'yar na'ura mai suna Echo, wadda muryar da ke cikinta ake kira Alexa. A 2016 kuma kamfanin Google ya fito da irin tasa.

Ba zan musa amfaninsu ba, don wanda ya musa bai yi adalci ba. Tsohuwar da gwiwa ta hana ta tashi tana iya kashe fitila daga kan gado, makaho ya tambayi lokaci a ba shi amsa, matafiyi ya ga wanda ke ƙwanƙwasa masa ƙofa. Wannan taimako ne na haƙiƙa. Amma abin da ya fi damuna shi ne yadda wannan bara yake aikinsa. Kunnensa a buɗe yake dare da rana, yana jiran a ambaci sunansa. Da zarar ya ji, ko kuwa ya zaci ya ji, sai ya ɗauki maganar ya aika ta intanet zuwa manyan kwamfutocin kamfanin, can ne ake fassara ta a mayo da umarni. Ashe ke nan maganar da aka yi a ƙuryar ɗaki sai ta bar gida kafin fitila ta kama.

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san abin da ya sa aka gina zaure. Baƙo kan tsaya a nan ya yi sallama, ba ya wucewa ciki sai da izini, kuma akan yi ƙofofin a karkace don kada idon mai wucewa ya faɗa tsakar gida. Kakanninmu sun ɗauki sirrin gida da muhimmanci har suka gina shi da laka. To, ga baƙon da maigida da kansa ya sayo da kuɗinsa, ya wuce da shi zaure, ya ajiye shi kusa da matashin kai.

Kada a ce zato ne kawai nake yi. A 2018, a birnin Portland na Amurka, Echo ta ɗauki hirar wani miji da matarsa ta aika wa wani ma'aikacin mijin ba da saninsu ba. Kamfanin ya amsa cewa haka ta faru, ya ce na'urar ce ta yi kuskuren ji. A 2019 kafar labarai ta Bloomberg ta bayyana cewa akwai dubban ma'aikata a ƙasashe irin su Indiya da Romaniya waɗanda aikinsu shi ne sauraron wasu daga cikin muryoyin da aka ɗauka, wai don a gyara fahimtar na'urar. A 2023 kuwa, Amazon ya yarda ya biya dala miliyan 25 bisa zargin da hukumar kula da ciniki ta Amurka ta yi masa na ajiye muryoyin yara ƙanana fiye da ƙa'ida, reshensa na kyamarori mai suna Ring shi ma ya yarda da biyan dala miliyan 5.8, bayan an zarge shi da sakaci har wani ma'aikaci ya riƙa kallon hotunan mata a ɗakunan kwanansu. Masu iya magana sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma wannan bara ba shi da cikin riƙe magana, na ubangidansa na can nesa ne.

Akwai kuma batun mallaka, wanda ba a cika lura da shi ba. Kwaɗon ƙarfe in ka saya ya zama naka har ya yi tsatsa. Waɗannan kuwa ransu yana hannun kamfani. A 2016 kamfanin Nest ya rufe kwamfutocin da ke tafiyar da wata na'ura mai suna Revolv, wadda mutane suka saya a kan dala 300, nan take ta zama kwanko. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Ban ma taɓo maganar wutar lantarki ba, domin ɗalibin da ya sha karatu da tocila a ɗakin kwana ba ya bukatar a yi masa bayani.

Wani zai ce, ina ruwanmu, tun da Alexa ba ta jin Hausa? Nan ne fa ruwanmu yake. Na'ura ba ta koyon harshe sai da muryoyin masu shi da kuma waɗanda za su rubuta abin da aka faɗa, su bambance mata karin sautin da ya raba fari na launi da fari na rashin ruwa. Aikin nan ba wanda zai iya shi kamar waɗanda suka yi karatu a wannan sashe. In aka zo neman mu, ina ganin kafin mu tambayi nawa ne ladan, ya kamata mu fara tambayar muryoyin su wa za mu saurara, ko sun yi izini, da kuma shekara nawa za a ajiye su.